Dodannin Labbo da Buzun Jan Baƙi

Jikokina ba sa tsoron dodo. Na lura da haka ne wata rana da hantsi, ina zaune a zaure ina jiran a damo mini fura, su uku sun haɗa kai a kan waya guda suna ta ƙyalƙyala dariya. Na miƙa wuya na leƙa, sai ga wata halitta ta fasa kabari ta fito, fuska duk ta zagwanye, tana jan ƙafa tana bin wata mata. Na ce musu su yi a'uziyya mana. Babbansu ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohon da ya fara ruɗewa, ya ce ai duk kwamfuta ce ta haɗa shi, ba gaske ba ne. Ya danna, dodon ya tsaya cak da baki buɗe. Ya sake dannawa, ya koma cikin kabarinsa da baya da baya. Suka kuma fashewa da dariya. Na koma na jingina da bango, raina a ɓace, kuma ba su ne suka ɓata shi ba. Sun tuna mini da Labbo ne, kuma ni duk abin da ya tuna mini da Labbo ba ya barin furar ranar ta yi mini daɗi.

Mu da muka tashi a Illela ta da, mun san dodo tun kafin mu ga hotonsa. Na kakanninmu ne, na bakin rijiya da gindin tsamiya, wanda ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa amma kowa ya san inda yake kwana. In an aike ka ɗebo ruwa da tsakar rana, kaka za ta ce ka yi bisimilla kafin ka leƙa rijiya, kuma kada ka amsa in ka ji an kira sunanka daga ciki. In ka kai awaki wajen tafki, za a ce ka dawo kafin inuwarka ta fi ka tsawo sau biyu. Garin a lokacin kunne ake saninsa da shi. Da asuba ƙarar taɓarya daga kowane gida, da hantsi kukan jakuna masu ɗauko itace, ranar Lahadi kuwa tun daga kan gado za ka san kasuwa ce: gurnanin raƙuma, kukan shanu a kara, manyan motocin albasa suna tari a tasha, 'yan canji suna kiran sefa da naira, Fulatanci da Hausar ƙetare sun cakuɗe har ba ka san wace ƙasa kake ba. Yanzu duk wannan babura sun haɗiye shi. Ko kiran salla sai ka kasa kunne kafin ka raba shi da ƙarar janareto.

Ni da Labbo a zaure ɗaya muka yi karatu, gaban Malam, limamin masallacin unguwarmu. Sa'o'in juna ne mu, kuma abokai ne na gaske, irin waɗanda in an ga ɗaya ake tambayar ina ɗayan. Na fi shi hadda, na fi shi sanin littattafai, na fi shi zama wuri ɗaya. In Malam ya yi tambaya a kan hukuncin wani harafi, ni nake amsawa, Labbo yana can yana wasa da bakin tabarma. Amma Allah ya ba shi murya, ni kuwa ya ba ni abin da za a ce ba laifi. In ya buɗe baki yana karatu, masu wucewa sukan rage tafiya. Innata da kanta, wadda ta haife ni, ta taɓa ce mini in ta ji karatun Labbo daga bayan katanga takan ajiye taɓarya har sai ya kai aya. Ba da wata manufa ta faɗa ba, tana tankaɗe ne take hira. Ni kuwa na riƙe maganar nan har yau, bayan ita ta daɗe a ƙasa.

Muna samari, gemu ya fara tsirowa, wani mutum ya buɗe gidan kallo a bayan tasha. Rumfa ce kawai ta kwano da zana, an toshe duk wata kafa da buhunan albasa don a yi duhu, ga benci shida, ga talabijin guda a kan durom, janareto yana ta fama a waje. Ranar Lahadi bayan azahar ake farawa, saboda mutanen ƙauye su samu su koma gida da rana. Kaset ɗin daga Konni, can ƙetaren iyaka, yake ɗauko su, don haka duk Turawan ciki Faransanci suke yi. Na faɗa da na kokawa ba sa bukatar bayani, kowa ya san mai duka da wanda ake duka. Amma da ya fara kawo na ban tsoro sai aka rasa gane kansu. Shi ne ya nemi Labbo, don Labbo ya yi shekara uku a lakwal, wato makarantar boko, can Konni lokacin da yake hannun kawunsa, kuma a unguwarmu wanda ya iya gaisuwa da jandarma ya gama jin Faransanci. Aka ba shi karan dawa, ya tsaya gefen talabijin, yana nunawa yana fassarawa.

Ban san yadda zan sa yaron yanzu ya gane irin tsoron da muka ji a rumfar nan ba. Tsoro ne na taro, kowa yana jin na maƙwabcinsa a kafaɗarsa. Ga warin zufa da albasa, ga zafi, ga numfashin mutum hamsin ya tsaya lokaci guda. In murfin akwatin gawa ya fara motsi, sai ka ji rumfa ta ɗauki a'uziyya ƙasa ƙasa kamar amya. Akwai wani manomi daga Amarawa da ba ya shiga sai ya yi alwala. Akwai wani Bafulatani da ya taɓa zabura da sandarsa zai kare wata yarinya da ke cikin talabijin, sai da mutum uku suka riƙe shi, yana ta faɗa wai an bar ta ita kaɗai kowa ya zuba ido. Mahauta, 'yan dako, direbobi, mutanen da wuƙa ba ta ba su tsoro, za ka ga sun ƙanƙame benci. Ni ma ina cikinsu, a bencin farko, kusa da ƙafar Labbo. Ban taɓa fashi ba ko Lahadi ɗaya, kuma ina so a riƙe wannan.

Abin da ya sa rumfar ta cika ba dodannin ba ne su kaɗai, bakin Labbo ne. Shi bai taɓa barin dodo ya zama dodo kawai ba. Akwai wani mai dogayen haƙora da ke kwana a akwatin gawa ya tashi yana shan jinin mutane. Da ya bayyana, Labbo ya ɗora masa karan dawa a goshi ya ce:

"Kun gane shi? Wanga ba aljani ba na, mutum na awa ku. Haƙƙin marayu yac ci. Ƙasa ta ƙi shi, sama ta ƙi shi, shi as sa kullum yana bisa neman jini kuma ba ya ƙoshi."

Da aka nuna shi gaban madubi babu hotonsa a ciki, sai Labbo ya ce wanda bai taɓa tsayawa ya dubi kansa ya yi wa kansa hisabi ba, wata rana ko madubi ba zai yarda ya riƙe fuskarsa ba. Wanda ke rikiɗa ya zama kamar kura in wata ya cika, wannan ba mu sha wahalar gane shi ba, muna da labarin irinsa a gida. Amma Labbo ya ce munafuki ne, da rana ya gaishe ka har da durƙuso, fatar gaskiyarsa tana ƙarƙashin riga tana jiran lokaci. Matattun da ke tasowa gungu gungu suna cin naman mutane kuwa, ya ce 'yan giba ne, waɗanda suka saba da naman 'yan'uwansu tun suna raye a bakin kasuwa, har ya zama ba su iya cin komai sai shi. Ranar da ya faɗi wannan, majalisar mai shayi ta tasha ta yi kwana biyu ba a zagi kowa ba.

Akwai maganarsa ɗaya da har yanzu nake jin haushin ba daga bakina ta fito ba. Wani direba ya tambaye shi me ya sa kullum a finafinan nan sai an hana mutum buɗe wata ƙofa ko tona wani rami, shi kuma sai ya je ya yi. Labbo ya ce ai mu mutanen bakin iyaka bai kamata mu yi wannan tambayar ba. Ya ce Allah ya sa iyaka tsakanin rayayye da matacce, tsakanin mutum da dabba, tsakanin abin da aka halatta da wanda aka hana, kuma dodo shi ne abin da ke biyo ka gida in ka ƙetare ta ɓarauniyar hanya. Mutane suka sunkuyar da kai, don rabin mutanen da ke ciki da ɓarauniyar hanya suke ci da iyalinsu. Na daɗe ina karanta littattafai kafin ranar da bayanta, kuma ban ga inda aka bayyana abin da ke cikin finafinan nan fiye da haka ba. Mu da muke zaton Bature bai san tsoron Allah ba, sai ga shi ya kashe dukiya yana zana azabar kabari da tashin matattu da ranar sakamako, ko da bai kira su da sunansu ba. Bindiga ba ta kashe dodonsu, likita ba ya warkar da wanda ya shiga jikinsa. A ƙarshe kullum sai an kira wani mai baƙar riga ya zo da littafi da gicciye. In an kai nan Labbo yakan ce:

"Malaminsu na. Ko su sun san wanga ba a korar shi da ƙarhi, sai da sunan Ubangiji. To ku da kunka san sunan, mi kuka jira?"

Kuma in la'asar ta yi, shi da kansa yake kashe na'urar, ko da dodo ya kai hannu wuyan mutum. Ya fito ya kira salla a bakin rumfa da wannan muryar tasa. Mutane su fito ido yana ƙyafƙyafi, su yi layi a buta guda. Sahu yakan kai har bakin titi. Na ga 'yan dakon da ban taɓa ganin goshinsu a ƙasa ba suna rige-rigen sahun gaba. Ni kuwa a lokacin Malam ya ba ni izinin koyar da littafin tsarki da salla a ƙofar masallaci sauran ranakun mako, kuma in mutum biyar suka zo, ranar na yi kasuwa. Biyu daga ciki gyangyaɗi ke kawo su. Ina zaune da littafi na gaske a hannu ba mai zuwa, shi yana tsaye da karan dawa gaban ƙaryar Turawa yana cika sahu. Na ji kishi, kishi mai zafi, kuma na sa masa suna kishin addini don ya fi daɗin haɗiya.

A shekarar ne tsohon da ke ja wa Malam baƙi a tafsirin azumi ya kamu da tari, ya ce ba zai iya ba kuma. Wanda bai san abin ba zai ga kamar ƙaramin aiki ne: ka zauna a buzu daman Malam bayan la'asar, ka rera aya, shi ya fassara ya yi bayani, ka ja ta gaba. Amma a wurinmu babu matsayin da saurayi mai karatu yake mafarki kamarsa. Duk unguwa tana jin ka wata guda, mata daga bayan katanga, baƙi daga Tozai da Gidan Katta, kuma wanda ya hau buzun ba ya sauka sai tsufa ko mutuwa. Malam ya ce zai faɗi wanda ya zaɓa in Sha'aban ya raba. Ba wanda ya tsaya jira, kowa ya san Labbo ne. Har ni mutane suke taya murna, wai abokina zai hau.

Ana haka wata Lahadi wani direban Konni ya zauna kusa da ni a rumfa, mutum ne da ya yi boko sosai kafin ya kama mota. Na ga yana ta danne dariya alhali kowa yana makyarkyata. Da aka fito salla na tambaye shi. Ya ce wallahi yaron nan gwani ne, amma ko kashi ɗaya cikin goma na abin da yake faɗa babu shi a bakin Turawan. Babu marayu, babu giba, babu hisabi. Inda Labbo ya ce matar tana roƙon gafara, ita cewa ta yi a rufe taga. Ya faɗa yana yaba shi ne, har yana cewa nasa labarin ya fi na masu fim ɗin. Ni kuwa na ji kamar an miƙo mini wuƙa ta wajen ƙota. Kwana biyar na yi ina juya maganar, ina wanke ta, ina yi mata kwalliya, har ta zama abin da mai tsoron Allah ba zai iya yin shiru a kai ba.

A zauren Malam akwai ƙa'idar da kowane ɗalibi ya sani. In ka ga laifin ɗan'uwanka, sai ka bi Malam a hanyarsa ta komawa gida, ka karɓi butarsa, ka faɗa masa ku biyu. Shi ya san yadda zai gyara ba tare da kowa ya ji ba. Na san wannan sarai, na sha riƙe butar. Amma na bari sai ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin da dattawan unguwa suke cika zaure gaisuwa, sannan na durƙusa na ce ina da tambaya ta ilimi. Na ce mene ne hukuncin mai karatu da ke tsayawa gaban hotunan kafirai yana sa musu maganar Allah a baki alhali ba su faɗa ba, kuma yana gaya wa jahilai cewa malamin Nasara yana korar shaiɗan da gicciye. Ban ambaci suna ba, ba a kuma bukaci in ambata ba. Na ga dattawa sun gyara zama, wuya ya miƙe, baki ya buɗe. Malam bai dubi kowa ba sai ni. Ya tambaye ni ko da idona na gani. Na ce e. Ya ce sau nawa. Na ce sau ɗaya, don in tabbatar.

Aka aika aka kira Labbo. Ya shigo da fara'arsa, ya ga fuskoki, fara'ar ta tafi. Bai musa komai ba. Ya ce gaskiya ne Faransancinsa bai taka kara ya karya ba, abin da ya gani yake faɗa ba abin da ya ji ba. Ya so ya yi bayanin maganar gicciye, wani dattijo ya katse shi ya ce ya faɗa ko bai faɗa ba, Labbo ya ce ya faɗa. Sai wani ya ce a tambaye shi su wa da wa cikin ɗaliban zauren nan suke zuwa wurin. Ina durƙushe kamu biyu daga gare shi, ni da nake zama har ƙafarsa tana taɓa gwiwata kowace Lahadi. Labbo ya dubi tabarma ya ce:

"Duhu na ciki, Malam. Ban ganin huskoki."

Ko a wannan lokacin, Allah ya gafarta mini, abin da na fara ji ba kunya ba ce. Haushi na ji, cewa ko a nan ma ya fi ni.

Malam bai kore shi ba, bai ko yi masa faɗa mai zafi ba. Amma magana ta riga ta shiga kunnen dattawa, kafin magariba ta gama unguwa, kuma ta ƙara kiɓa a hanya har aka ce Labbo ya sumbaci gicciye. Babu yadda za a yi a ɗora shi a buzu. Da Sha'aban ya raba, sunana aka kira. Na ja baƙi azumin nan ban yi kuskuren wasali ɗaya ba, mutane suka ce madalla, ba wanda ya ajiye taɓarya. Bayan salla ina rakiyar Malam gida, butarsa a hannuna, ya tsaya ya ce mini ba tare da ya juyo ba:

"Da nan kas same ni, da na gyara shi, kuma da na gyara ka."

Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu. Labbo ya ajiye karan dawa tun ranar Juma'ar nan. Gidan kallo ya ci gaba da na faɗa da na rawa, na ban tsoro suka daina ciniki tunda babu mai faɗin ma'anarsu, kuma ba a sake kashe na'ura don la'asar ba. Ya rage zuwa zaure, sannan ya daina. Ya shiga harkar albasa, yana kai wa ƙetare, ya yi aure, ya yi 'ya'ya, ya tsufa kamar kowa. Ba mu yi faɗa ba. Mukan gaisa, mu tambayi iyali, na je sunan 'ya'yansa ya zo na nawa. Kowane azumi kuma yana zuwa tafsiri, ya zauna can baya jikin bango, kai a sunkuye. Shekara arba'in da wani abu ina jan baƙi ina ganin hularsa daga inda nake, kuma ban taɓa jan aya ba tare da na ji a raina yadda za ta fita da a bakinsa take ba. Na samu buzun, amma ban taɓa zama a kansa ni kaɗai ba.

Bara ƙirjina ya fara ba ni matsala, numfashi ba ya kai ni ƙarshen doguwar aya. Ɗan Malam, wanda ya gaji tafsirin, ya tara dattawa a zauren nan dai, ranar Juma'a, ya ce tunda ni na san aikin ni zan faɗi wanda ya dace. Aka kawo mutum uku suka yi karatu. Na ukun Bashiru ne, ɗan Labbo, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Da ya buɗe baki sai na gane ta. Muryar ce, ita ce sak, kamar an ajiye ta a tukunya an rufe sai yau aka buɗe. Kuma abin nan da na zaci tsufa ya kashe shi ya motsa a cikina da ƙarfinsa na da. Ga shi kuwa na san sana'ar Bashiru, kowa ma ya sani, sai dai ba wanda ya kawo ta a ransa: shago gare shi a tasha inda yake tura wa mutane finafinai a waya, har da irin wanda jikokina suke yi wa dariya. Kalma biyu ta isa. Ɗan Malam ya ce, "Baba, ya ka gani?" Na ji bakina ya ce, "Muryar kam akwai ta, sai dai..." Dattawa suka gyara zama, wuya ya miƙe. Waɗansunsu 'ya'yan waɗancan dattawan ne, har yanayin buɗe bakin iri ɗaya. Na ja dogon numfashi har aka fara zaton ciwon ƙirjin ne ya taso. Sannan na ce sai dai lasifikar masallacin nan ta tsufa, a sayo wadda ta dace da shi. Aka yi dariya, aka shafa fatiha.

Kada a ce na yi abin kirki da farin ciki. Na yi shi ne kamar mai haɗiyar maɗaci, kuma na koma gida ban ci abinci ba. Ranar farko ta azumi bayan la'asar, na rasa inda zan zauna a masallacin da na yi shekara arba'in ina da wuri. Na taka har baya, jikin bango, Labbo ya matsa mini ba tare da ya ɗago ba. Bashiru ya fara. Na ga masu wucewa a titi suna kashe babura. Na ga wani tsoho a gabanmu yana share ido da bakin rawani. Ina zaune ina kishin ɗan, ina kishin uban da ya haife shi, ina istigfari, duk a numfashi guda. Da aka kai wata doguwar aya, yaron ya tsaya a tsakiya ya ja numfashi, ya koma baya kalma biyu ya ɗora. Sai Labbo ya karkato kansa wajen kunnena.

"Ka ji inda yat tsaya? Wurinka yaɗ ɗauka. Tun yana ƙarami nika kawo shi nan shi saurare ka."

Na ce masa cikin raɗa ai ba sai an faɗa ba, wannan muryar gado ce, a gida ya ji ta.

Ya girgiza kai, idonsa yana kan ɗansa.

"A'a. Bai taɓa jin karatuna ba. Tun ranar nan ban sake ɗaga murya ba."